Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Kakanninmu sun bar mana magana a kan rijiyar da ta bayar, guga kuwa ya hana. Akan faɗe ta sa'ad da mai abu ya saki hannu, ɗan aike kuma ya danne. Muna so mu ɗauki wannan karin magana mu auna wata matsala da shi, matsalar da ta shekara fiye da talatin tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta da manyan kamfanonin duniya, ta kuma shigo aljihun manomi a Magami, da na ɗan tireda a Tsafe, da jakar malamar makaranta a Bungudu, ba ko sallama. Tambayar ita ce: in mutum ya yi kyauta, ya gindaya sharaɗi cewa kada wanda ya karɓa ya hana na bayansa, yana da gaskiya ya kai guga gaban alƙali in ya hana? In kuwa yana da gaskiya, ina iyakarta?

Sai mu fara da abin da ake jayayya a kansa. Manhaja ita ce jerin umarnin da ke sa kwamfuta ko waya ta yi aiki, tana kuwa da kama biyu. Akwai asalin rubutun da mutum ya rubuta da hannunsa, wanda wani masani zai iya karantawa, ya gane, ya gyara. Akwai kuma abin da ke fitowa bayan an niƙa wannan rubutu ya koma harshen da inji kaɗai ke ji. Na farkon iri ne, na biyun gari. Gari yakan yi tuwo, amma ba a shuka shi. Kamfanoni da yawa gari kawai suke sayarwa, irin kuwa suna kulle da shi a rumbu, domin kowa ya riƙa komowa gare su.

Wajen shekara ta 1980 wani masani mai suna Richard Stallman, a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, ya so ya gyara manhajar wata na'urar buga takardu da ke yawan cijewa a wurin aikinsu. Ya nemi asalin rubutun, aka hana shi, gama wanda yake riƙe da shi ya riga ya sa hannu a alkawarin ɓoyewa. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya yi shelar aikin da ya kira GNU, wato gina cikakkiyar manhajar tafiyar da kwamfuta wadda kowa zai mallaka, a 1985 ya kafa gidauniya dominta, a 1989 kuma ya fitar da lasisin da ake kira GPL. Lasisin ya ce wa mai karɓa: yi aiki da wannan abu yadda ka ga dama, karanta shi, sāke shi, raba shi, in kana so ma sayar da shi. Sharaɗi ɗaya ne tak. Ran da ka miƙa shi ga wani, ko a kyauta ko da kuɗi, ko tsirara ko a cikin wata na'ura, wajibi ne ka ba shi irin tare da garin, har da gyaran da ka ƙara, bisa ga wannan sharaɗi da aka ba ka. A Turanci kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci, abin da ya daɗe yana rikita Turawa. Mu Hausa ta hutar da mu: manhajar 'yantacciya ce, ba baiwar kowa ba, ko da an biya kuɗi kafin a same ta.

A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar wata manhaja da aka sa wa suna Linux, a 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL. Dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka yi mata gayya. A kan wannan zuciya aka ɗora Android, Android kuwa ita ke tafiyar da manyan wayoyin Tecno da Infinix da Itel da Samsung da ake sayarwa a kasuwar waya ta Bebeji a Gusau da Farm Centre a Kano. Wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya, ba ya bukatar a gaya masa matsayin wannan na'ura a rayuwarmu: da ita ake jin labarin hanya kafin a fita, da ita ake aika kuɗin magani. Ashe duk wannan lokaci muna shan ruwan rijiyar da ba mu san maginanta ba.

To, ga gardamar farko, ba kuwa ta banza ba ce. Wani zai ce kyauta mai igiya a wuya ba kyauta ba ce. In ka ba ni akuya, ka ce kada in ɗaure ta a garkena, me ka ba ni? Akwai masu rubuta manhaja da suka yarda da wannan magana, suka zaɓi lasisi marar sharaɗin mayarwa, wanda bai nemi kome ba sai a ambaci sunan mai aikin. Manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ke kula da ita, wadda hukumomin lafiya na Nijeriya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, irin wannan lasisi gare ta. Wannan karimci ne, ba mu raina shi ba. Amma kyauta mai sharaɗi ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wakafi: mutum ya keɓe gida ko gona ko rijiya domin jama'a, ba a sayarwa, ba a gāda, ba wanda zai kewaye ta da danga ya ce tasa ce. Ba wanda ya taɓa cewa wakafi rowa ce domin yana da sharaɗi. Sharaɗin shi ne yake sa kyautar ta wuce mutum na farko ta kai ga na goma. Waliyyi Toma na Akwino, a ƙarni na 13, ya rarrabe tsakanin abu biyu: ikon mallakar dukiya da sarrafa ta, wanda ya ce halal ne har ma wajibi domin zaman lafiya, da kuma amfani da ita, inda ya koyar cewa kada mutum ya riƙe ta kamar shi kaɗai aka yi wa ita. Abin da Stallman ya yi ya faɗa daidai wannan tsaga. Bai jefar da haƙƙin mallakarsa a bola ba, gama da ya yi haka da mai ƙarfi ya tsince. Ya riƙe mallakar, ya mai da ita mai gadin amfanin kowa.

Gardama ta biyu ta fi ta farko kaifi. Sa'ad da yarinya ta shiga maƙwabta ɗiban wuta, murhun maƙwabta ba ya raguwa. Haka manhaja take: in kamfani ya kwafe ta sau miliyan, wanda ya rubuta bai rasa ko harafi ɗaya ba. In haka ne, me aka sata? Wa aka cuta?

A ganinmu wanda aka cuta shi ne na uku, wanda ba ya wurin sa'ad da aka ƙulla maganar. Rijiya ba ta yi hasara ba, mai jiran ruwa a bakin rijiya ne ya kwana da ƙishi. Shi ne mai gyaran waya wanda da zai iya tsawaita ran tsohuwar na'ura in da irin yana hannun masana, shi ne ɗalibin da zai koya daga gyaran da kamfanin ya yi, shi ne mai saye da ya biya kuɗi ya tarar an ƙwace masa haƙƙin da mai kyautar ya riga ya rubuta da sunansa. Mu mutanen Zamfara mun san wannan irin hasara a jikinmu. Burtali ba na kowa ba ne, saboda haka na kowa ne. A 1965 Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya. Amma wannan ya ci taƙi biyu bana, wancan ya ci uku baɗi, mai iko ya yanki babban rabo da takarda, kowannensu yana cewa bai ɗauki abin wani ba. Ba mu ce wannan kaɗai ne tushen masifar da ta same mu ba, tana da saiwoyi da yawa. Abin da muka koya dai shi ne, kayan jama'a da ba shi da mai tsaya masa ba ya daɗewa yana na jama'a.

Saboda haka masu tsayawa suka fito. A 2003 aka gano cewa wani akwatin rarraba intanet na kamfanin Linksys, wanda Cisco ya saya a wannan shekara, yana aiki da Linux ba tare da an saki irin ba. Aka matsa musu, suka saki. Daga abin da suka saki ne masu sa kai suka gina OpenWrt a 2004, manhajar da ta ba dubban irin waɗannan akwatuna sabon rai, har mutane suka riƙa neman wannan samfuri musamman domin ana iya sāke shi. Wato kamfanin da aka tilasta wa cika alkawari ya ci riba daga tilascin. A Jamus wani mai rubuta manhaja, Harald Welte, ya kai ƙara, a 2004 kotun Munik ta hana kamfanin Sitecom rarraba kayansa sai ya bi lasisin. A 2006 kamfanin D-Link ya gaya wa kotun Farankfot cewa GPL ba ta ɗaure shi ba, kotu ta ƙi wannan hujja. Dalilin a fili yake ga duk mai hankali: in ka ce takardar iznin ba ta da ƙarfi, to, da wane izni ka ɗauki kayan tun farko? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A Amurka, a watan Disamba na 2009, aka kai kamfanoni 14 ƙara a kan wata ƙaramar manhaja mai suna BusyBox da ke cikin talabijin da makamantansu, a 2010 kotu ta ci kamfanin Westinghouse Digital tarar dala 90,000. A Faransa wani ƙaramin kamfanin haɗin gwiwa mai suna Entr'ouvert ya shiga shari'a da Orange tun 2011, wato Orange ɗin da 'yan'uwanmu na Maraɗi suka sani kafin ya sayar da reshensa na Nijar a 2019. Sai a watan Fabrairu na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta umarci Orange ya biya fiye da rabin miliyan na Yuro. Shekara 13 ƙaramin yana bin babban. Mai ƙaramin ƙarfi da yawa da ya gaji tun a ta uku.

Har nan muna tare da masu ƙara. Amma gaskiya ba ta ƙare a nan ba, kuma sashen da ya rage shi ne ya fi damunmu.

Ba kowane mai karya sharaɗin ne ɓarawo ba. Ɗan kasuwa yakan sayo allon na'ura daga wata masana'anta a Sin, ya sa masa kwali da sunansa, bai san abin da ke ciki ba, wanda ya sayar masa ma wataƙila daga wani ya karɓa. Lasisin GPL na 1991, wanda Linux ke ƙarƙashinsa, yana da tsanani a nan: da zarar ka saɓa, izninka ya faɗi nan take, ko da kuskure ne. Kotu tana iya tsayar da cinikinka gaba ɗaya kaya suna jibge a sito, albashin ma'aikata yana jira. Wannan sanda ce mai nauyi, sanda mai nauyi kuwa takan jarabci hannun da ke riƙe da ita. Wani masani a Jamus, Patrick McHardy, wanda ya yi aiki na gaske a wani sashe na Linux, abokan aikinsa sun zarge shi da bin kamfanoni a ɓoye yana karɓar kuɗi a kan ƙananan kurakurai, suka dakatar da shi daga cikinsu a 2016. An ƙiyasta abin da ya tara ya kai miliyoyin Yuro, sai a watan Janairu na 2022 aka yi sulhun da ya kawo ƙarshen abin. Doka tana bayansa a wurare da yawa, gama haƙƙin mallakarsa na gaskiya ne. Duk da haka ruwa bai ƙaru a tulun kowa ba. Mu da muka ga yadda wanda ya tashi da sunan kāre gari ke iya rikiɗa ya zama abin tsoron gari, ba za mu yi mamaki ba.

Akwai kuma hasarar da ba a kai ta kotu. Rob Landley, ɗaya daga cikin waɗanda aka fara ƙarar BusyBox da sunansu a 2007, daga baya ya juya wa hanyar baya. Ya ce shari'un ba su komo wa aikin da wani gyara mai amfani ba, sai dai sun tsorata kamfanoni. Ya ci gaba da wata manhaja mai irin wannan aiki, Toybox, da lasisi marar sharaɗin mayarwa, tun 2015 kuwa ita ce a cikin Android. Ga abin lura: in mai gadi ya cika zafi, mutane sukan haƙa wata rijiya a wani wuri, wadda ba ta da sharaɗi ko kaɗan, na ukun nan da ake yi domin shi ya tashi a tutar babu.

Ta yaya za a bambanta mai gadi da mai tare hanya, tun da dukansu sanda ɗaya suke riƙe da ita? A duba abin da yake nema. Mai gadi yana cewa a buɗe burtali, in an buɗe ya koma gida. Mai tare hanya ba ya son a buɗe, gama rufewar ita ce abincinsa. Jama'ar masu 'yantacciyar manhaja da kansu sun kai ga wannan fahimta. Lasisin GPL na 2007 ya ba wanda ya yi saɓon farko kwana 30 bayan an sanar da shi domin ya gyara, izninsa ya komo. A 2015 gidauniyar Stallman da wata ƙungiya mai suna Software Freedom Conservancy suka bayyana ƙa'idodinsu: a fara da magana a asirce, kotu ta zama mataki na ƙarshe, kada kuɗi ya zama manufa. A watan Oktoba na 2017 masu kula da Linux da yawa suka sa hannu cewa su ma za su ba da wannan dama ta kwana 30, wata guda bayan haka kamfanonin Red Hat da IBM da Google da Facebook suka yi irin wannan alkawari. Dattawan ƙauye ba za su ga sabon abu a nan ba. In gonar wani ta shiga iyakar wani, akan fara aika masa mutum da dare, sa'an nan a je da shaidu, sai in ya taurare a kai ga mai gari.

Saura magana ɗaya da lasisi bai taɓa warwarewa ba, wato cikin mai haƙa rijiyar. Ana iya yin arziki da 'yantacciyar manhaja, shaida kuwa ita ce IBM ya sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34. Amma wannan rabon 'yan kaɗan ne. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka mai hatsari a cikin OpenSSL, manhajar da bankuna da kamfanoni marasa iyaka ke dogara da ita domin rufe asirin saƙonni a intanet. Da aka bincika, sai aka ji cewa gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce wajen dala 2,000 ba, mutum ɗaya ne kuma yake yinsa a matsayin cikakken aiki. Ba wanda ya karya lasisi a nan. Kowa ya ɗebi ruwa bisa ga ƙa'ida, ba wanda ya zo ranar yāsar rijiya. Sai da tsoro ya kama manyan kamfanoni suka haɗa asusu. Alƙali ba zai iya hukunta wannan ba, gama ba laifi ba ne a doka. Rashin godiya ne, wanda ya ci amfanin gumin ma'aikaci kuwa ya san akwai bashi a kansa ko ba a rubuta ba.

Kada mu ɗauka duk wannan labarin Turai ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana lissafta manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da take kārewa. Ita ce dokar da mai shirya fim a Kano ke kuka da ita sa'ad da masu turi suka raba aikinsa a kan 'yan kuɗi kaɗan shi bai ga ko kwabo ba, ita ce kuma ƙashin bayan sharaɗin GPL, gama lasisin ba shi da wani ƙarfi sai na haƙƙin mallaka. Ba daidai ba ne mutum ya yi tir da kamfanin da ya danne kyauta, alhali kwamfutar shagonsa cike take da manhajar sata, ga kuwa irin su LibreOffice da aka ba shi halal ya ƙi ɗauka.

'Ya'yanmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda su ne abin zai fara shafa. Ran da ɗayansu zai rubuta wa wata makaranta ko ƙungiyar manoma manhajar lissafi, da wuya ya fara daga fili, zai ɗebo daga abin da wasu suka bari. Ya karanta lasisin kafin ya ɗiba. In GPL ce, yana da iko ya karɓi ladan aikinsa cikakke, ba wanda ya hana shi, amma ya miƙa wa makarantar irin tare da garin, kada ya riƙe shi domin su zama bayinsa duk ran da abin ya lalace. Shugaban makarantar ma ya san yana da haƙƙin tambaya. A kan wannan haƙƙi na mai saye ne ƙungiyar Conservancy ta kai kamfanin talabijin na Vizio ƙara a Kalifoniya a watan Oktoba na 2021. Ba ta zo a matsayin wadda ta rubuta manhajar ba. Ta zo a matsayin wadda ta shiga kanti ta sayi talabijin, ta ce alkawarin da ke cikin lasisin domin mai saye aka yi shi, saboda haka mai saye yana da bakin neman a cika masa.